Mu raba kuɗin asusu mu watse, ko mu buɗe wa iyalanmu ƙofa?

Sakatare:
Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Shugaba ya umarce ni in kawo maganar nan cikin zauren waya na zumuncinmu na tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kaduna, tunda taron wata ya gagara. Ranar Lahadin da ta wuce ma waɗanda suka zo ba su kai adadin da tsarin mulkinmu ya yarda a yanke hukunci da shi ba, kuma ba yau aka fara ba. Ma'aji ya kawo shawara a rubuce: a rufe littafi, a raba abin da ya rage a asusu tsakanin waɗanda ke raye kuma ba a bin su kuɗin wata, kowa ya kama gabansa. Kowa ya faɗi ra'ayinsa. Wanda idonsa ba ya ganin rubutun waya ya ba ɗa ko jika ya rubuta masa. Don Allah a dakata da turo bidiyon siyasa da tallan maganin basir har mu gama.

Ma'aji:
Wa alaikumus salam. Ni na kawo shawarar, kuma ba na jin kunyarta. Littafin kuɗi a hannuna yake, ni nake ganin abin da ba ku gani. Lokacin da muke aiki, ranar albashi a bakin get ake karɓar kuɗin wata, kafin mutum ya isa wurin mai tsire an riga an cire na zumunci. Da kuɗin nan aka yi wa mutane aure, aka yi suna, aka ba da bashi marar ruwa, wasu suka sayi keke, wasu babur, wasu ma fulotin da suke zaune a ciki yau a Nasarawa da Makera. Yanzu fa? Ku buɗe shafin fitar kuɗi na shekarun nan. Likkafani, akwatin gawa, motar kai gawa gida. Babu wani abu kuma. Abin da ke shigowa bai kai rabin abin da ke fita ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda zai taso daga Rigasa ko Kawo zuwa Kakuri kuɗin motarsa ya fi kuɗin watan da zai zo biya. Ba na ganin laifinsa idan bai zo ba. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari asusu ya ƙare ƙarƙaf, na ƙarshenmu su rasu ba a kai wa iyalinsu ko kwabo ba, alhali su ne suka fi kowa daɗewa suna biya. Gara a raba da sauran mutunci.

Na Gboko:
Ma'aji, to mu da muka koma gida fa? Ina turo nawa ta waya duk wata. A raba a ba ni nawa in yi me da shi?

Ma'aji:
Ka sayi taki. Ya fi a ce ya narke a banki, kuɗin kula da asusu yana cin sa.

Baba Dikin:
Salama gare ku duka. Ma'aji ɗan'uwana, lissafinka daidai ne, ban taɓa kama ka da kuskuren sisi ba tun muna sashen rini. Amma akwai abin da ba ya shiga littafinka. A rikicin Fabrairun 2000 ni da iyalina muna haya a Tudun Wada. Wanda ya ɓoye mu a ɗakin matarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce baƙinsa ne, ɗan zumuncin nan ne, Allah ya ji ƙansa. Haka nan a gefenmu akwai waɗanda suka rako 'yan'uwa Musulmi har bakin gada. Ba shugaban addini ya ce mu yi ba, ba gwamnati ba. Mun san juna ne a sif ɗin dare. Bayan wannan da na 2002 kowa ya san yadda garin ya koma: Musulmi suka tattara arewacin kogi, mu muka tattara Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi. Jikokina ba su da abokin wasa Musulmi ko ɗaya. Ni kuwa duk wata ina da dalilin zama a benci ɗaya da Malam Na Kaɗi, mu yi wa juna tsiya, mu rabu lafiya. In an rufe littafin nan, ku gaya mini wane dalili zai sake haɗa mu ban da jana'iza. Ita ma jana'izar, wa zai sanar da ni?

Alhaji Mai Yadi:
Allah ya saka da alheri, Baba Dikin. Wannan magana ta taɓa ni.

Kwamared:
Ina gaisuwa ga Shugaba da dattawa. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke magana kamar wasu marasa asali. Ku tuna ko mu su wane ne. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, zamanin Sardauna, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Ba a banza aka zaɓi Kaduna ba: ga auduga tana sauka daga Funtua da Malumfashi da Gusau da ƙasar Zazzau, ga jirgin ƙasa, ga ruwan kogi. Sai Nortex, sai Arewa Textiles ta Japanawa, sai UNTL ta mutanen Hong Kong a 1964. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa baki ɗaya a nan Kaduna take, ba Legas ba. Oshiomhole daga Arewa Textiles ya taso, ya zama babban sakatarenmu a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999, har ya yi gwamnan Edo. In jiniyar canjin sif ta kaɗa, mota ba ta iya ratsa Kakuri saboda kekuna. Mai abinci, mai hayar ɗaki, mai facin keke, mai shayi, kowa a jikinmu yake ci. Ba lalaci ya kore mu ba. SAP, wato tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnati, ta zo a 1986 naira ta faɗi, aka rushe hukumar auduga a shekarar, manomi ya rasa mai ba shi iri da mai sayen kayansa da tabbas. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya alhali ga matatar mai a bayan gari. Duk wannan manufar gwamnati ce, kuma abin da manufa ta kashe manufa na iya tayar da shi. Ranar da za a kira a ce ina tsofaffin ma'aikata, a same mu a haɗe, da littafi da sunaye. In mun watse, da wa za a yi magana?

Alhaji Mai Yadi:
Kwamared, ranka ya daɗe, wannan huɗuba tun KTL ta rufe a 2002 muke jin ta daga bakinka. Bari in faɗa maka abin da ke ƙasa, tunda ni kullum a cikin yadi nake kwana nake tashi. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don auduga da masaƙu da ɗinki. UNTL da ta rufe a 2007 ta sake buɗewa a 2010, Namadi Sambo da kansa ya zo, aka yi ta murna. A cikinmu nan mutum nawa aka mayar bakin aiki? A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a farashin gwamnati. Ka zo Kantin Kwari ka duba ko an rage dila ɗaya ta China. Kayan na sauka Kwatano, su bi ta Nijar, su shigo. Kuma ko a ce gobe an gyara wuta an toshe iyaka, wanda zai kafa masaƙa ba irin injinmu mai ƙoshiya zai sayo ba. Injunan yanzu da iska suke harba zare, yaro ɗaya na kula da layi guda, kwamfuta na nuna masa inda zare ya tsinke. Ba za su nemi ɗan shekara saba'in mai tari da rabin kunne ba. Ina ƙaunar ƙungiyar nan, amma kada mu riƙe ta da sunan jiran masaƙa.

Kwamared:
Kai da kake sayar da kayan da suka kashe mu, kai ne za ka yi mana wa'azi?

Alhaji Mai Yadi:
Da aka sallame ni ina da mata biyu da 'ya'ya, Kwamared. Yadi kaɗai na sani. Ka kawo mini atamfa 'yar gida a farashin da matar ɗan acaɓa za ta iya saya, wallahi gobe in cika shago da ita. Kai ma shaddar da ka sa a taron bara, ka duba bakinta ka ga inda aka saƙa ta.

Na Gboko:
Hahaha. Alhaji ka bar Kwamared ya huta.

Sakatare:
Jama'a, ba mu zo binciken wanda ya kashe masaƙu ba, wannan an daɗe ana yi. Magana a kan asusu ce da makomar zumunci. Malam Na Kaɗi, mun ga kana karantawa ba ka ce komai ba.

Malam Na Kaɗi:
Ina nan, Sakatare, ina tauna maganar Ma'aji ne. Akwai wurin da ta maƙale mini. Kuɗin nan ba adashe ba ne. A adashe kowa ya san ranar kwasarsa, abin da ya zuba shi zai ɗauka. Mu kuwa tun farko mun zuba ne a kan sharaɗin duk wanda lalura ta sama a taimake shi, ko ya zuba da yawa ko kaɗan. Wanda ya ba da abu a kan wannan niyya ya fitar da shi daga mallakarsa. To in mun ce a raba, da wane suna za mu karɓa? In mun ce ajiya ce, to waɗanda suka rasu sun fi mu yawa a littafi, kuma sun zuba lokacin da naira ke da daraja. Nasu kason ya zama na magada ke nan, sai an bi gida gida, har Gboko da Idah da Pankshin. In mun ce ba ajiya ba ce, taimako ne, to ba mu da ikon mayar da shi aljihunmu don kawai mun fi su tsawon rai. Ni ba zan karɓi ko naira ba. In dole sai an rufe, a kashe shi a kan abin da aka tara shi dominsa: marayu da matan da aka bari.

Baba Dikin:
Malam, yau kam na yarda da kai ba gardama. A rubuta ranar.

Ma'aji:
Ban ƙi ba, Malam. Amma ko an ba marayu, ƙarshenta dai rufewa ce. Ku kawo mini inda kuɗi zai riƙa shigowa.

Maman Ladi:
Ina gaishe ku iyayena da yayyena. Wayar maigidana ce, ba a cire lambarsa daga zauren nan ba tun da ya rasu, shi ya sa nake ganin abin da kuke faɗa. Ku yi haƙuri in na shiga maganar da ba tawa ba. Kun zo jana'iza, kun kawo abin da tsari ya ce, na gode, Allah ya saka. Amma daga ranar ba wanda ya sake taka ƙofar gidana sai Baba Dikin da Malam. Mijina ya yi wa kamfaninsa aiki tun yana saurayi har aka rufe, ya mutu yana jiran kuɗin sallamarsa, takardun suna nan cikin leda a ƙarƙashin katifa. Da na je wurin Sakatare na ce ina so in ci gaba da biyan kuɗin wata a madadinsa, sai aka ce tsarin mulki ya ce zama ɗan ƙungiya yana ƙarewa da mutuwa. To ga shi kuna kuka ba masu biya. Mu matan da aka bari mun fi ku yawa, kuma mu ne ke da sana'a a hannu. Ina suyar ƙosai, wata na sayar da gawayi, wata na kitso, wata na ɗinki. Muna da adashenmu a Kakuri, mu da matan Musulmi, ba mu taɓa fashi ba. Shekara da shekaru mu muke wanke kayan aikinku masu burbushin auduga, mu muke kai muku abinci bakin get. Ban san me ya sa ba mu isa zama a benci ba.

Sakatare:
Mama, abin da ke rubuce na karanta miki, ba ra'ayina ba ne. Sashen yana nan, taro ne kaɗai zai iya gyara shi.

Baba Makera:
Jikansa ne ke rubutawa. Baba ya ce a gaya wa Maman Ladi yana yi mata ta'aziyya har yau, mijinta yaronsa ne a sashen saƙa. Amma ya ce shi bai yarda a taɓa sashen nan ba. Ya ce wannan zumunci na waɗanda suka tsaya a gaban inji ne. Ya ce in ya ce wa Ma'aji "ka tuna daren da bel ya tsinke", ba sai ya ƙara komai ba, sun fahimci juna. Wanda bai shaƙi ƙurar auduga ba, bai yi magana da hannu ba saboda ƙarar inji, me za su tattauna? Ya ce in an shigo da mata da yara, shekara biyu ba za a yi ba sai sun fi yawa, su zaɓi nasu shugaban, su mayar da ita ƙungiyar neman bashi da raba shinkafar 'yan siyasa, tsofaffi su koma 'yan kallo a abin da suka kafa. Ya ce ya ga an yi haka a wata ƙungiyar unguwarsu. Gara ta mutu tana tasu.

Kwamared:
Akwai gaskiya a maganar Baba. Da zarar ɗan siyasa ya ji ƙamshin mutane a wuri ɗaya, ya iso da leda.

Ɗan Foman:
Assalamu alaikum iyaye. Ni ne ke riƙe wa Baba waya, kun san tun ciwon nan hannunsa ba ya moruwa. Ya ce in gaishe ku, kuma ya ba ni izini in faɗi nawa. Ku gafarce ni in na yi rashin kunya. An haife ni ana aiki, amma na yi wayo an rufe. Abin da na tashi na gani shi ne Baba yana gadi da dare a gidan wani da bai kai ɗansa ba. Don haka in na ce ina kewar masaƙa na yi ƙarya, ban san ta ba. Abin da na sani shi ne ranar da aka kwantar da Baba a asibiti, kafin danginmu su iso daga ƙauye ku kuka fara zuwa, har da wanda ban taɓa sanin sunansa ba, ya zo daga Sabon Tasha da kwanon abinci. Wannan nake so in gada.

Ni tela ne. A cikin 'ya'yanku na san teloli da yawa, maza da mata, da masu aikin zane a kwamfuta, da masu gyaran keken ɗinki. Kowa na fama shi kaɗai. In makaranta ta ba da aikin yunifom na ɗalibai ɗari biyu, ba mai iya karɓa, sai a kai wa mai babban shago. Da muna haɗe da mun karɓa mun raba, mun sayi yadi a dila maimakon yadi biyar biyar, mun haɗa kuɗin sola tunda wuta ba ta zama. Kuma ku kun san yadi fiye da kowa. Baba ko da ido rufe in ya murza ƙyalle zai gaya maka auduga ce ko roba, zai gaya maka ko rininsa zai zuba. Mu a kasuwa ake cutarmu saboda ba mu san wannan ba. Kwamared, ita kanta ƙungiyarku ta ƙasa ai akwai teloli a cikin sunanta, kuma da masaƙu suka rufe ta shiga yi wa teloli masu zaman kansu rajista. In uwa ta yi, me zai hana 'ya?

Alhaji Mai Yadi:
Yaro, Allah ya yi maka albarka. In kun haɗu kun yi rajistar gama kai, ni zan ba ku dila a farashin sari, ku biya bayan kun karɓi kuɗin aiki. Amma da sharaɗi, sai dattijo ɗaya ya tsaya muku. Na sha ba matasa kaya su kashe waya.

Kwamared:
Dilar China ke nan.

Alhaji Mai Yadi:
In Funtua na da irin wanda suke so, daga can zan ɗauko, ka huta.

Ma'aji:
Ɗana, maganarka ta yi daɗin ji, amma ni da lamba nake aiki. Ina masu zuwan? Shekarun baya mun ce kowa ya zo da ɗansa taron ƙarshen shekara. Suka zo, suka ci shinkafa, suka zauna a baya suna latsa waya, ba wanda ya dawo. Kuma in an haɗa kuɗin sana'a da kuɗin jana'iza a tukunya ɗaya, ranar da ciniki ya karye da me za a binne mu?

Ɗan Foman:
Baba Ma'aji, mun zo, gaskiya ne. Aka yi awa uku ana karanta rahoton taron baya da sunayen waɗanda za a ci tara, sannan aka shiga labarin ƙarin albashin Udoji da yadda aka sayi rediyo da keke a 1975. Ba wanda ya tambaye mu sunanmu. Ba ƙorafi nake ba, amma mutum ba ya komawa inda ba shi da aikin yi. Batun tukunya kuwa, kada a haɗa. Asusunku ya zauna yadda yake, a hannunku, mu ba mu da ikon taɓa shi. Mu buɗe namu daban, duk aikin da muka samu da sunan zumunci mu zuba wani kaso a naku.

Malam Na Kaɗi:
Wannan ya warware mini abin da ke damuna. Kuɗin mamata ya tsaya a kan niyyarsu, na masu rai ya yi nasa aiki. Sai dai a rubuta kason a takarda tun yanzu, da shaidu, kada a bar shi a baki.

Baba Dikin:
Ina da ƙari kan tsoron Baba Makera, don ba tsoron banza ba ne. A rubuta cewa muddin akwai tsohon ma'aikaci a raye mai lafiya, Shugaba da Ma'aji daga cikinmu za su fito. A bar yadda muka saba, in Shugaba Musulmi ne mataimaki Kirista, in an juya a juya, a buɗe taro da addu'ar ɓangare ɗaya a rufe da ta ɗayan. Wannan shi nake so yaran su tarar, su saba da shi tun muna nan muna kallo. Kuma duk ɗan siyasar da ya kawo kyauta a ce masa ya kai gidan marayu da kansa. Amma ni tambayata ga Ɗan Foman ita ce: telolin da ka lissafa, na Tudun Wada da Rigasa ne kaɗai, ko ka san na gefenmu?

Ɗan Foman:
Gaskiya Baba na gefenmu na fi sani. Na can mutum biyu kawai, su ma a asibiti muka haɗu.

Baba Dikin:
To ka gani. 'Yata ta uku tela ce, tana da shago a Television da yara masu koyo. Zan ba ta lambarka. In ku ba ku iya haye gada kun zauna tare ba, duk wannan shiri sunansa ƙungiyar telolin unguwa, ba zumuncinmu ba.

Na Gboko:
Mu na nesa a sa mu a lissafi. Akwai mu a Binuwai da Kogi da Filato, kuma yaranmu da yawa suna nan Kaduna, a can aka haife su, Hausarsu ta fi Tibinsu. Sannan Sakatare, a daina cin mu tarar rashin zuwa taro, don Allah. Daga Gboko zan zo?

Sakatare:
Tarar nan ai shekara nawa ba wanda ya biya ta, rubutawa kawai nake yi.

Kwamared:
Ni ban janye maganata ba, masaƙa za ta dawo ko ba mu gani ba, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba za ta dawwama tana sa rigar aro ba. Amma in shigo da yara zai sa littafin sunaye ya rayu, na yarda. Sharaɗina ɗaya: a haɗa takardun kowa, na masu rai da na mamata, katin aiki, takardar sallama, lambar ma'aikaci, a ɗauki hotonsu a adana. Irin na ƙarƙashin katifar Maman Ladi gara da ruwan sama ke cinye su. Ranar da za a biya haƙƙi, wanda ba shi da takarda ba shi da magana.

Maman Ladi:
Wannan aikin ku bar mana, mu muka san gidan kowa. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Ana ta maganar yara da teloli. Mu fa? Za mu biya kuɗin wata mu yi ƙuri'a, ko za mu zo dafa shinkafa ne kawai?

Ma'aji:
In za ku biya, ni ba ni da ta cewa. Wanda ya biya ya yi ƙuri'a.

Baba Makera:
Baba ya ce ba a gyara tsarin mulki a waya.

Shugaba:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, wanda ban gane ba an karanta mini. Baba Makera ya yi gaskiya, ba a gyara tsari a waya, sai a taro. Saboda haka na kira taron gaggawa Asabar ta biyu ga wata mai kamawa, da ƙarfe goma na safe, don kada ya ci karo da sujada ko Juma'a. A inda muka saba a Kakuri. Na gaba za a yi shi a arewacin kogi, mu riƙa juyawa, kowa ya ɗanɗani kuɗin mota. Matan 'yan'uwanmu da suka rasu da 'ya'yanmu duk an gayyace su, za su yi magana, amma ƙuri'ar wannan rana ta tsofaffin 'yan ƙungiya ce kaɗai, tunda tsohon tsari ne ke aiki har a canja shi. Na nesa su turo ƙuri'arsu da muryarsu ga Sakatare. Malam da Baba Dikin su rubuto gyaran da suke nufi. Ɗan Foman, kada ka zo mana da baki, ka zo da sunaye da lambobin waya, na gefen nan da na gefen can. Sakatare, rahoton taron baya kada ya wuce minti biyar.

Ma'aji:
Na ji, Shugaba. Amma shawarata tana nan a ajanda, ban janye ba. In ranar ta zo aka sake kasa cika adadi, ita za a fara dubawa. Kuma duk mai zuwa ya zo da bashin da ake bin sa, ko rabi ne. Kwamared, da kai nake.

Kwamared:
A fili za ka tona ni?

Baba Makera:
Baba ya ce zai zo, amma a rubuta tun yanzu cewa ƙuri'arsa a'a ce. Ya ce kuma a samo wanda zai ɗauko shi, ƙafar ba ta kai shi bakin titi.

Ɗan Foman:
Zan zo in ɗauke shi a babur, in sha Allahu.

Baba Makera:
Ya ce ba ya hawa bayan yaro. Ka zo da Keke Napep, kuma kai za ka biya.